Tururuwa a Ludayin Dakashi

Idan tsofaffi 'yan'uwana suka haɗu a gidan suna suka soma yabon zamanin da, wai mutanen da su ne suka san rainon jariri, ni tashi nake yi in nemi takalmina. Ba na tanka musu. Na san halina, idan na buɗe baki ba na rufe shi sai na ɓata wa kowa rai. Amma zamanin nan da suke yabo na gan shi da idona. A cikinsa aka yi mini aure, a cikinsa na yi haihuwar fari, nan Kaduna, cikin shekarun hamsin, tun Turawa ba su tafi ba.

Maigidana ma'aikacin gwamnati ne a lokacin. Ba akawu ba ne irin masu zama bayan tebur. Yana aiki ne a wani wuri da ake binciken ciwon dabbobi, musamman sammoren da tsando ke sa wa shanu. Aikinsa shi ne a ɗebo jinin dabba, ya shafa a kan gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubin likita ya duba abin da ke ciki. Muna zaune a ɗan gidan kwatas, daga ni sai shi. Mutum ne mai son magana idan ya dawo gida, ni kuwa mai son ji ce, don haka bayan la'asar, in ya jingine kekensa ya ci abinci, sai ya zauna a bakin ƙofa yana ba ni labarin abin da ya gani a wurin aiki. Ina son sa. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya ce ƙiyayya ce ta sa nake faɗin abin da zan faɗa.

Wata rana ina yanka kuɓewa wuƙa ta yanke ni a yatsa. Wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya. Ina ta tsaki ina matsawa, sai ya ce in daina zagin mugunya, ita ce ta cece ni. Ya ce a cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi, akwai farare. Fararen nan ba sa zama wuri ɗaya, rarrafe suke yi. Da ƙwayar cuta ta shigo ta bakin rauni sai su taru a kanta, ɗaya ya miƙe jikinsa ya naɗe ta ya haɗiye. Da yawansu a nan suke mutuwa, gawarsu ce mugunyar da nake ƙyama. Ya ce ba wanda ya koya musu wannan aikin. Ba kamar lambar agana ba ce da ake yi wa yara, wadda sai an nuna wa jiki cutar kafin ya gane ta. Waɗannan da saninsu ake haihuwar mutum.

Abin da ya fi ba shi mamaki, wanda ya yi ta maimaitawa har na haddace, shi ne ba mutum kaɗai ke da su ba. Ya gan su a jinin saniya, ya gan su a na akuya da na zomo, ya gan su a kwaɗo. Ya ce har tsandon kansa, da farar da yara ke gasawa, da tanar da ke fitowa bayan ruwan sama, waɗanda ba su da jan jini ba su da ƙashi, in ka matse ruwan jikinsu ka duba za ka tarar da 'yan'uwan ƙwayoyin nan suna aikinsu. Baturen da yake aiki a ƙarƙashinsa ya taɓa ɗebo ruwan kududdufi ya nuna masa wata halitta a ciki, ƙwaya ɗaya tak, ba kai ba ƙafa, tana cin abincinta ta hanyar naɗe shi, daidai yadda fararen jini ke yi wa cuta. Baturen ya ce asalin ke nan. Tun halittu suna ƙanana a cikin ruwa haka suke ci, da jikkuna suka yi ta girma, aka sami tsutsa, aka sami kifi, aka sami dabba mai ƙafa huɗu, sai wasu ƙwayoyin suka riƙe tsohuwar sana'arsu ta yawo da haɗiya, ta koma tsaron jiki.

Na ce, "To, Malam, kai ka yarda daga tsutsa aka fito?"

Ya yi dariya ya ce shi dai abin da idonsa ya gani shi ne tsaron nan iri ɗaya ne daga tana har mutum, kuma ga dukkan alamu ya girmi ƙashi, ya girmi gashi, ya girmi hankali. Sauran bayanin kuwa Mahalicci ya fi kowa sani.

Da cikina ya tsufa, ya dawo wata rana da labarin wani ɗan maraƙi. Saniyar ta mutu wajen haihuwa, aka ba ɗan madarar wata saniyar da ta daɗe da haihuwa. Madara ce mai kyau, amma bai kai ko'ina ba zawo ya kashe shi. Ya ce a wurin aikinsu kowa ya san haka ake yi, maraƙin da bai sha dakashi ba da ƙyar yake tsira. Dakashi shi ne nonon farko, mai kauri, rawaya-rawaya, wanda ke zuwa kafin farin nono ya sauko. Ya ce ya taɓa ɗiga shi a gilashi ya duba, sai ya tarar da shi cike da fararen ƙwayoyin nan, rayayyu, suna motsi. Wato uwa ba abinci kaɗai take ba ɗanta a kwanakin farko ba, masu tsaron jikinta take ba shi aro, don hanjinsa sabo ne, bai taɓa haɗuwa da ƙazantar duniya ba. Da bakinsa ya faɗa mini wannan, yana shan fura, ba wanda ya tambaye shi.

Ba a daɗe ba aka zo aka tafi da ni goyon ciki gidanmu, a Unguwar Shanu. Baba malamin allo ne, makarantarsa na zaure, ba ruwansa da abin da ke gudana a cikin gida. Inna, mahaifiyata, mace ce mai sanyin hali, ko yaro ya ɗaga mata murya sai ta ja baya. Wadda ke da gidan a wannan lokacin ita ce Gwaggo, yayar Baba, wadda ta hawo jirgin ƙasa daga Zariya takanas don haihuwata. Duk jaririn da aka haifa a danginmu a hannunta ya fara kuka. Idan ta yi magana a kan jego, Baba ma da karatunsa shiru yake yi.

Da damina na haihu, da hantsi, ana yayyafi. Namiji ne, ƙato, mai gashi, kukansa har zaure. Gwaggo ta yanke cibi, ta wanke shi, aka kai wa Baba ya yi masa huɗuba a kunne. Na ji sunan, yana nan a raina har yau, ban taɓa furta shi ba. Ɗan fari ne ai. Uwar ɗan fari ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa a gaban manya, ba ta tambayar yadda ya kwana. In aka miƙo mata shi kawar da kai take yi kamar an miƙo mata ɗan maƙwabta. Haka ma uban. Wannan ita ce kunya, kuma da ita aka raine ni, ban taɓa ganin aibinta ba sai a makon nan.

Bayan an yi mini wankan farko na dawo ɗaki jikina duk a mace, ina jiran a kawo mini shi. Gwaggo ta shigo da ludayi a hannunta, matan maƙwabta biyu na biye da ita. Ta ce in gyara zama. Ta kama nonona ta tatsa a cikin ludayin, ta ɗaga shi wajen hasken ƙofa, ta yamutsa fuska.

Ta ce, "Ku dube shi. Sai ka ce mugunya."

Wallahi saura kaɗan in yi dariya, don ba ta san yadda ta kusa da gaskiya ba.

Ta fita gindin katanga, ta ɗauko tururuwa da tsinke, ta dawo ta jefa ta a cikin ludayin. Gwajin ke nan. Idan tururuwa ta yi iyo ta fita, nono lafiya lau. Idan ta mutu a ciki, nonon mugu ne, zai kashe jariri. Muka zuba ido gaba ɗaya. Tururuwar ta maƙale, ta yi ta wutsil-wutsil da ƙafafu, ta kasa gaba ta kasa baya, can ta daina motsi.

To ina za ta fita? Abu mai kauri da danƙo! Ko a zuma ka jefa tururuwa mutuwa za ta yi, wa ya taɓa cewa zuma guba ce? Amma matan nan suka haɗa baki suna salati, suna gode wa Allah da ya sa aka gwada kafin a ba yaro. Gwaggo ta zagaya bayan ɗaki ta zubar da dakashin a cikin toka, ta tura ƙasa a kai da ƙafarta. Ta ce ba zai sha ba sai nonon ya gyaru. Aka dafa mini saiwoyi masu ɗaci na sha, aka gasa mini ƙirji da ruwan zafi da ganye, aka shafe shi da wani ƙulli baƙi. Kullum da safe Gwaggo ta tatse abin da ya taru ta zubar, ta sake gwadawa, tururuwa ta sake mutuwa.

Shi kuwa yaron yana ɗakin Gwaggo, a kan cinyarta yake wuni, a bayanta yake kwana. Aka fara ba shi ruwan rubutu da ɗan dabino, wannan ban ƙi ba. Daga nan aka koma ruwan rijiya da man shanu. Da kukan yunwa ya yi yawa sai aka tatso akuyar Inna, aka sirka da ruwa, Gwaggo ta riƙa yi masa ɗura da tafin hannunta. Damina ce fa. Rijiyar gidanmu in an yi ruwa ja take komawa, sai an bar ruwan ya kwanta a randa. Ƙudaje kuwa ba a magana, suna kan ƙwaryar madarar, suna kan bakin yaron, suna kan kashin awaki a tsakar gida. Ina kwance a kan gadon ƙasa, wuta na ci a ƙarƙashina, ina jin yadda yake shaƙewa yana tari idan ana ɗura masa, nonona na yi mini zogi, kuma wai abin da ya dace da ni shi ne in yi kamar ban ji ba.

Akuyar nan ta haihu ne kafin ni da ɗan lokaci, ina nan a gidan. Na ga yadda aka yi. Ɗan ya faɗo, ta lashe shi, ya miƙe yana tangaɗi, ya laluba ya kama nono ya sha dakashinsa ya ƙoshi. Yanzu ga shi can yana tsalle a kan turmi.

Ranar da Gwaggo ta shigo tatsa karo na uku, na kasa haƙuri. Ban ɗaga kai ba, na ce, "Gwaggo, ita akuyar wa ya gwada nata?"

Ta tsaya da ludayi a hannu. Ta ce, "Me kika ce?"

Na ce, "Ɗanta ya sha na farkon, ga shi nan bai mutu ba."

Ta ce, "Ke akuya ce?"

Na ce a wannan wajen dai ban ga abin da ya raba ni da ita ba. Na ce maigidana ya duba dakashi da madubin likita, ya ce magani ne, ya ce duk dabbar da Allah ya halitta da abin da ke cikinsa take kare kanta daga cuta.

Gwaggo ta ajiye ludayin ta tafa hannu. Ta ƙwala wa Inna kira ta ce ta zo ta ji abin da zaman kwatas ya mayar da 'yarta. Mai ɗan fari tana zancen ɗa, tana zancen miji, a gaban yayar ubanta, ko kwana uku ba ta yi da haihuwa ba. Ta ce ita ta karɓi haihuwar ƙanin ubana, ta karɓi tawa, ta karɓi ta ƙannena, ba ta taɓa jin an tambayi gilashi yadda ake rainon mutum ba. Zancen dakashi ya bi iska, aka koma zancen rashin kunyata. Kafin azahar labari ya zaga unguwa.

Da azahar ɗin nan Gwaggo ta tayar da salla. Na lallaɓa na tashi, ina dafa bango, na shiga ɗakinta. Yana kwance a kan tabarma cikin tsumma. Na ɗauke shi, shi ne karo na farko da na riƙe ɗana. Na zauna ina goge baƙin ƙullin nan da bakin zanena, shi kuwa ya ji ƙanshi, ya soma juya kai yana buɗe baki yana nema. Sai ga Inna a kaina. Ta durƙusa ta riƙe hannuna da hannu biyu, hawaye na zuba, tana magana ƙasa-ƙasa kada Gwaggo ta ji.

Ta ce, "Don Allah, 'yar nan, kada ki kashe shi. Biyu na binne kafin ke. An ce nonona ne. Kada ki ɗora wa kanki abin da na ɗauka."

Ta zare shi daga hannuna. Da Gwaggo ce da na yi kokawa da ita, ko da za a tsine mini. Amma Inna ce, tana kuka, kuma har cikin ranta ta yarda ceton jikanta take yi. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau. Ba mugu ko ɗaya a gidan nan. Kowa son yaron yake yi, kowa tsaye yake a kansa, kuma da son nasu suka hana shi abu ɗaya da aka halitta domin shi. Daga ranar Gwaggo ko salla za ta yi sai ta goya shi.

Saura mutum ɗaya da zai iya magana a saurara. Namiji ne, ma'aikacin gwamnati ne, yana aiki da likitocin dabbobi, kuma ɗansa ne. Na sa rai a kansa kamar me.

Washegari bayan la'asar ya zo. Na ji ƙarar kekensa a ƙofar gida, na ji kukan ragon suna da ya sayo a kasuwa ana ɗaure shi a gindin mangwaro. Ya daɗe a zaure wurin Baba, sannan aka yi masa iso ya shigo gaishe da su Inna. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a tsakar gida, kansa a ƙasa. Tsakanina da shi asabarin ƙofa ne kawai, ina hango farar rigarsa ta tsakanin karare. Gwaggo na zaune a kan kujera 'yar tsugune da yaron a cinya, ko kallon wajen bai yi ba. Suka gaisa, ta yi masa barka, ya amsa da ƙyar kamar wanda aka kama da laifi.

A ranar yaron ya riga ya fara zawo. Na san idan na bari maigidana ya tashi shi ke nan. Na matso bakin ƙofa na ce, "Malam."

Mace mai jegon fari ba ta yi wa mijinta magana a gidan ubanta, balle a gaban iyaye.

Na ce, "Malam, ba a ba shi nono ba tun da aka haife shi. Zubarwa ake yi. Ka gaya musu abin da ka gaya mini na ɗan maraƙin nan."

Na ga yatsunsa suna wasa da ƙasa. Gwaggo ta ce, "To, ga ta ga ka. Ni na gaji. Ko kai ma kana da abin da za ka koya mana?"

Ya ce, "A'a, Gwaggo. Ai ku ne manya. Duk yadda kuka yi daidai ne."

Ya yi sallama ya tashi. Na ji kekensa ya bi layi.

Mutumin da ya san abin da ke cikin ruwan jikin fara! Mutumin da in maraƙin gwamnati ya rasa dakashi ba ya iya cin abinci sai ya ba ni labari. Ya durƙusa taku kaɗan daga ɗansa, ya ji da kunnensa, ya ce duk yadda aka yi daidai ne, don kada a ce ya nuna son ɗan fari a gaban surukai. Daga baya na ji wai ya yi ƙoƙari. Wai a zaure ya ce wa Baba, a kaikaice, su a wurin aikinsu ba sa raba maraƙi da nonon farko. Baba ya ce Allah mai hikima, ya ci gaba da wanke allo, don bai ma gane da jikansa ake ba. Wannan shi ne ƙoƙarin. Mun zauna da shi shekaru masu yawa bayan nan, bai taɓa zagina ba, bai taɓa barina da yunwa ba. Ranar da ya rasu, da aka shigo aka ce in yafe masa kafin a fita da shi, na ce na yafe. Na faɗa da baki. Allah ya san abin da ke cikin raina, kuma ina roƙonsa ya sa wata rana zuciyar ta bi bakin.

Ba na cewa na san gaibu. Akwai jariran da aka zubar wa dakashi suka rayu, ni ma ɗaya ce daga cikinsu. Akwai waɗanda suka sha suka mutu. Ajali ba ya tambayar kowa. Amma kada wani ya zo mini da wannan maganar don ya rufe mini baki, don na ji ta har na gaji. Tsaron da aka ba tana a cikin laka, aka ba kwaɗo, aka ba akuyar Inna, shi aka zuba a ƙirjina daidai lokacin da ɗana ke bukatarsa, mu kuma muka ɗauko tururuwa daga gindin katanga muka tambaye ta ko a ba shi.

Zawon ya ƙi tsayawa. Tsumma bayan tsumma, kore-kore, ruwa zalla. Kukan nan da ke kaiwa zaure ya koma ɗan siriri kamar na kyanwa. Maɗigar kansa ta faɗa ciki, Gwaggo ta kwaɓa magani ta manna a wurin. Na ce wa Inna a kai shi asibiti, ga shi nan cikin gari, ba wata tafiya ba ce. Inna ta je ta faɗa, ta dawo ta ce Gwaggo ta ce ba a fita da jariri kafin suna, iska za ta shige shi. A tsakar gida kuwa shiri ake yi. Ana surfen gero, ana wanke tukwane, an aika Babbar Kasuwa sayen kayan yaji, mata na shigowa barka suna cewa ango ya yi kama da ubansa.

Ana gobe suna, da safe, Gwaggo ta shigo da ludayinta. Ita ma ta rame, idanunta sun yi ja, don ba ta barci. A lokacin dakashin ya riga ya ƙare, an tatse shi tas an ba toka. Farin nono ya sauko, tsararo, har ɗiga yake yi da kansa. Ta tara ludayin ya cika nan da nan. Ta ɗauko tururuwa ta jefa. Tururuwar ta yi iyo abinta, ta kama gefen ludayin, ta hau, ta bi hannun Gwaggo.

Gwaggo ta ce, "Alhamdu lillahi. Maganin ya ci. Nono ya gyaru."

Inna ta yi hamdala, wata maƙwabciya ta ɗan rangaɗa guɗa. Gwaggo da kanta ta wanke mini ƙirji da ruwan ɗumi, ta kwance yaron daga bayanta, ta ɗora mini shi a cinya, ta ce in ba shi, kada in ji kunya, su za su fita.

Ba shi da nauyi. Fatar cikinsa in ka kama ta ka saki sai ta tsaya a tattare. Idanunsa a buɗe kaɗan, amma ba ni yake kallo ba. Na sa masa nonon a baki. Bai juya kai ba, bai nema ba. Na shafa masa a leɓe, na taɓa kumatunsa yadda na ga ana yi, na kira shi da duk sunayen da uwa ke kiran jariri, ban damu da wanda ke ji a bayan asabari ba. Sau ɗaya leɓensa ya motsa, na ce ya kama, ashe bai kama ba. Na matsa masa a baki da hannuna. Nonon ya taru a gefen bakinsa, ya gangaro ta kumatunsa, ya shiga kunnensa, ya jiƙa mini zane.

Haka muka zauna ni da shi har rana ta take. Kafin la'asar ya cika a cinyata.

Maza suka shigo suka ɗauke shi cikin ɗan farin ƙyalle, ubansa na cikinsu, kansa a ƙasa. Aka ce kada in yi kuka da ƙarfi, ɗan fari ne, mutane na ji. Geron da aka surfa don suna shi aka yi gumbar sadaka da shi.

Nonon kuwa bai san an yi rasuwa ba. Ya ci gaba da zuwa, ƙirjina ya yi tauri kamar dutse, zazzaɓi ya rufe ni. Da safe Gwaggo ta shigo da tsohon zane ta ce in ɗaga hannu. Tana naɗe mini ƙirji tana ja da ƙarfi, hawaye na bin fuskarta, tana ba ni haƙuri da zuciya ɗaya.

Ta ce, "Ki gode wa Allah, 'yar nan. Ko ba komai nononki ya gyaru."

Ta ƙulle zanen a bayana ta fita. Kafin ta kai tsakar gida ya jiƙe.